Ke Fa, Ɗaliba?

Ranar da tabaraunta ya karye ta fara ganinsa, ganin ma dishi-dishi. Ta shiga ɗan shagon da ke ƙarshen layin asibiti, ƙafar tabarau a hannu ɗaya, takardun jami'o'i biyu a ɗayan. Hasken yamma ya sauka kan gilasan da ke jere a bango, shagon duk ya ɗauki walwali.

"Zama kika yi a kai?" Mai Tabarau ya tambaya yana murmushi.

"Barci na yi a kai, Malam. Rabona da karatu tun ƙanwata tana goye, yanzu ita ke goyo."

Yana gyara tana ba shi labari. Ta daɗe tana aiki a teburin karɓar baƙi na asibiti, inda dangin marasa lafiya ke zuwa su zube mata damuwarsu. Yanzu digiri na biyu take so a fannin kula da walwalar jama'a. Jami'a ɗaya tana nan kusa, ajin yamma. Ɗayar tana can nesa, amma ita ce ke tura ɗalibanta su zauna da iyalan majinyata, abin da ranta ya daɗe yana so.

Da ta maida tabarau a fuska sai ga shi fes: dogo, mai sanyin ido, da 'yar furfura a gemu. Ta manta abin da take faɗa.

Daga ranar tabaraun nan bai sake lafiya ba. Yau ya saki, gobe ya matse. Shi kuma ya raɗa mata suna Ɗaliba.

Sai dai Ɗaliba ta karanta a littattafan shirinta cewa ma'aikaci nagari ba ya tusa nasa ra'ayin, tambaya yake ya saurara. Abin ya bi jikinta har ya zame mata baki. Wata rana ya turo saƙo:

"Ɗalibata, tun safe gilashi ɗaya nake gogewa. Ke kika hana ni aiki."

Ta rungume wayar, ta zaga ɗaki kamar yarinya, sannan ta zauna ta rubuta:

"Na ji ka. Ya kake ji game da hakan?"

Kai, Ɗaliba! Bawan Allah ya karanta, ya kife wayar.

Da jami'ar nesa ta karɓe ta, Mama ta ce sam. "A shekarunki, miji ya zo har ƙofa ki ce gari za ki bari? Babu namijin da zai zauna jiranki. Ki ɗauki ta kusa ki rufa mana asiri."

Ta kai masa maganar. Ya ajiye abin hannunsa ya ce, "Ke me kike so?"

"Kai ya kake ji game da..."

"Ya isa." Muryarsa a sanyaye. "Na faɗa miki rasuwar babana, na faɗa miki ina sonki. Ke ko sau ɗaya ba ki faɗa mini abin da ke ranki ba. Ashe gwajin aiki kike yi da ni."

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Ki tafi, Allah ya ba da sa'a. Na gode da sauraro."

Kwanaki suka shige, wayar shiru. Ta yi kewarsa har abinci ya daina mata daɗi. Rannan ta tashi daga aiki, ƙafafunta suka kai ta shagon.

"Me ya sami tabaraun?"

"Lafiyarsa ƙalau."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya nuna mata kujerar gwajin ido, ya jawo tasa ya zauna gabanta.

"Yau ni ne ma'aikacin. Ke fa, Ɗaliba, ya kike ji?"

Duk shekarun da ta yi a teburin nan, babu wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. Hawaye suka ɓalle.

"Ina son makarantar can. Kai ma ina sonka, wallahi ina sonka. Tsoro nake in furta ɗaya in rasa ɗaya."

Ya miƙa mata ƙyallen goge gilashi, yana dariya idonsa na ƙyalli. "Mutanen can ba sa sa tabarau ne? Kayan aikina akwati ɗaya ne, masoyiya."

Washegari ya durƙusa gaban Mama. "Gaskiyarki, Mama, ba zan jira ta ba. Zan bi ta ne."

Mama ta rufe baki da mayafi tana dariya. "Yau ga ikon Allah! To ku je. Allah ya yi muku albarka, ya sa karatun ya amfani bayinsa, ya ba ku zaman lafiya."

Aka ɗaura aure kafin a koma makaranta. A mota, akwatin gilasai na ƙara a baya, littattafanta a cinya, ta jingina da kafaɗarsa ta ce, ba tare da an tambaye ta ba, "Ina cikin farin ciki, angona."

Ya gyara mata zaman tabarau a hankali.

"Na ji ki," ya ce. "Ya kike ji game da hakan?"