Muryar Auta a Wayar Kowa

Auta na zaune a falo da jan biro a baki, tana duba insha'in yaran da take koyarwa, sai ga Yaya ya faɗo ko sallama babu. Kowa a gidan ya san Yaya ba ya rufe kemis ɗinsa da rana sai in rasuwa aka yi, don haka Umma ta fara salati tun kafin ya zauna.

"Wa muka rasa?"

"Ba wanda ya mutu, Umma. Saurari wannan kawai!"

Ya dangwarar da waya a kan tebur ya danna. Muryar Auta ta cika falon, a natse, tana bayanin yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni ta yi ta maimaita aiki ɗaya ba gajiya. Can sai harshenta ya sarƙe. Daga gefe wani namiji ya yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Sake, ranki ya daɗe."

"Kin ji ko? Ɗazu ina karanta wa wani sunan magani na ɗan yi tuntuɓe, samarin da ke benci suka haɗa baki, wai 'Sake, ranka ya daɗe!' Na ce wannan kuma daga ina? Aka ce ai daga ƙanwarka. Ƙanwata, Umma, a wayar kowane ɗan iska!"

"Yaya, darasi ne fa," in ji Auta. "Kuma na tambaye ka tun farko, ka ce to."

Gaskiya ne ya ce to. Ya faɗe ta ne yana kallon ƙwallo.

Mai dariyar shi ne Injiniya, wanda ba injiniya ba ne, yaran unguwa ne suka ba shi muƙamin. Yana da wani ɗan ɗaki a saman shagon fotokofi, inda yake shirya wa ɗalibai darussa kyauta: kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni, lissafi, da kanun insha'i da malamai ke ɗauka su kai aji. Shi ke rubutawa, hannunsa kaɗai ake gani a bidiyon. Auta ke karantawa, domin Allah ya ba shi ilimi da kirki, sannan ya ba shi murya irin ta ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba. Ba su taɓa keɓewa ba. Anti, matar Yaya, tana zaune tsakaninsu kullum da littafinta, don tana shirin jarrabawar da aure ya katse mata. Manyan Injiniya sun riga sun zo neman auren Auta, saura sa rana. Laifinsa guda ne: ya manta bai yanke wannan dariyar ba.

Tun rasuwar Baba maganar Yaya ce magana a gidan, kuma ranar ya yi ta a tsaye. A cire muryar Auta daga kowane darasi. Ba zuwa, ba waya, ba saƙo. Maganar aure kuwa a jingine ta sai ya waiwaya.

Washegari Injiniya ya zo ya durƙusa a gaban Yaya. Auta na bayan labule, ta ƙagu ta ji ya yi gardama, ko da kaɗan ce, ya ce wannan aikin guminsa ne, ya ce ba zai iya kwana bai ji ta ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Laifina ne, Yaya. Za a cire."

Ta koma ɗaki ta yi kuka mai isarta, rabi don hukuncin, rabi don haushin saurin amincewarsa.

Ta goge darussan daga wayarta a gaban Umma, ba tare da an sa ta ba. Sai bayan ta goge ta gane abin da ta yi: duk duniya nan ne kaɗai take da muryarsa.

Kwanaki suka yi ta ja. Hanyar makarantarsu ta gaban shagon fotokofi take, sai ta koma zagayawa ta bayan kasuwa, amma daga kwanar masu kayan gwari ana hango tagarsa, kuma ba ta taɓa wucewa ba ta ɗaga kai ba. Wani lokaci a buɗe, wani lokaci a rufe. Labarin da take samu ke nan. A aji kuwa, ta rubuta wa yara a allo, "Ba da labarin ranar da ka jira wani bai zo ba." Mako na zagayowa ta rubuta, "Bayyana muryar da za ka gane ko cikin taro." Har wata mai baki a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Malama, ba za mu sake yin na 'Amfanin Bishiya' ba ne?"

Wata rana ta kai ɗinki wurin Tela, wata ƙawar Anti mai shago a bakin titi, sai ta ji kanta tana magana daga kan keken ɗinki. Tela na koyon kodin ne da tsohon darasin, wai so take ta yi wa shagonta shafi. Auta ta tsaya cak da leda a hannu. Harshen ya sarƙe. Dariyar ta zo.

Daga ranar kayan Auta suka shiga lalacewa. Yau kalmasa ta warware, gobe zif ya ƙi, jibi maɓalli ya tsinke. Tela ta ɗaga wani siket ta duba bakinsa.

"Ikon Allah! Wannan zaren ai da reza aka bi shi. Malama, ke da ɓeran gidanku hannunku ɗaya."

Auta ta sunkuyar da kai. Tela ta mayar da darasin baya, daidai wurin, ta bar shi ya wuce, ta sake mayarwa. Sannan ta tura mata wayar.

"Ga lambarsa nan. Kira shi, don Allah, ki huta, ni ma in huta. Wa zai sani?"

Auta ta ɗauka. Sunansa na kan gilashin, yatsanta na kansa. Zuciyarta ta ce minti ɗaya, ki ji yana lafiya kawai. Hawaye ya ɗiga a kan sunan, ta sa gefen mayafi ta share, ta ajiye wayar a hankali.

"Shi ya ce wa Yaya to. In na kira shi, na mai da shi maƙaryaci."

"Oho dai! Kawo siket ɗin."

A can saman shagon fotokofi kuwa Injiniya ya duƙufa yana sake ɗaukar darussan ɗaya bayan ɗaya da muryarsa. Ɗalibai ba su ɓoye ra'ayinsu ba. Wani ya rubuta a ƙasan bidiyo, "Malam, sori, janareto ne a kusa da kai?" Wata ta ce, "A dawo mana da Malama mai murya!" Masu saurare suka yi ta zarewa, har wasu makarantu suka koma kwafar allo.

Ɗaliba ɗaya ce ba ta zare ba. Anti ce, jarrabawa ta matso, kuma ba zato ba tsammani iyafis ɗinta, abin sauraron da take maƙalawa a kunne, ya ɓace. Da safe Yaya na shan shayi, Injiniya na bayanin lissafi. Ya dawo cin abincin dare, Injiniya na karanto kanun insha'i.

"Ba za ki rage wannan abin ba?"

"Yallaɓai, in na rage ba na ganewa. Da dai tsohon ne, ko a hankali ana ji. Amma ai ka hana."

Ran nan da azahar Yaya ya sake shigowa gida. Umma ta fara salati.

"Ba wanda ya mutu, Umma." Ya zauna, ya daɗe yana juya makullin shago a hannu. "Yaron nan ne ya zo kemis."

Jan biron Auta ya tsaya a tsakiyar maki.

"Maganin maƙogwaro ya zo saya. Da hannu ya nuna, muryar ta tafi gaba ɗaya. Na ce duk kemis ɗin garin nan sai nawa? Ya matso yana raɗa, wai so yake in sani saura na insha'i kaɗai ya gama. Wai kuma yana bin makarantu da ƙafa yana karɓar tsohon memorin darussan yana ba su sabo. Na tsaya ina jira ya tambaye ta. Na ga tambayar a bakinsa, wallahi na gan ta. Ya haɗiye, ya ɗauki maganinsa."

Auta ta kifa fuska a kan littafin wani yaro.

Umma ta gyara zama. "To, Babba, me kake jira kuma? Sai ya fara magana da hannu gaba ɗaya?"

"Mutumin da zai rushe abin da ya gina don na ce, bai kuma zagaya ta bayana ba, ban san me zan ƙara nema a wurinsa ba." Ya yi gyaran murya. "A ce wa manyansa su zo a sa rana. In an ɗaura, ta karanta masa duk abin da ta ga dama, matarsa ce. Amma a yanke dariyar! Kuma ni wannan muryar ta ishe ni a gidana."

Da yamma iyafis ɗin Anti ya bayyana a cikin jakarta.

Bayan biki, ranar farko da suka koma ɗakin saman shagon fotokofi, Auta ta zauna gaban makirfo ta fara karanta darasi. A layi na biyu harshenta ya sarƙe, kuma ba za a rantse cewa kuskure ne ba. Ta ɗago ta dube shi. Injiniya ya miƙa hannu ya kashe na'urar tukuna, ya duba ya tabbatar jar fitilar ta mutu.

"Sake, ranki ya daɗe."

Wannan kam ba ta cikin wayar kowa.

'Yan mata da samari, haƙuri ba daɗi gare shi ba, duk wanda ya ce muku da daɗi bai taɓa kai siket mai lafiya wurin tela ba. Amma da Auta ta danna wannan lambar, da minti ɗaya ta samu. Ta bar ta, suka riƙe alkawarin da aka ɗauka a gaban manya, sai ga shi muryar ta zama tata har abada, da tsatsarta da komai.