Motar da Ke Kaɗa Wutsiya

Ana kiran sallar azahar wani ɗan kabu-kabu ya faɗo caji ofis na Bagudo, laka har gwiwa. Ya ce an tsinci gawar wani makiyayi kusa da Tungar Abu, a hanyar dajin da ke ɓullewa iyakar Benin, kuma Fulani sun fara taruwa.

Sufeto Mutawakkil ya ɗauki hularsa, ya kira Saje Riskuwa. Shi dai Sufeton nan mutum ne mai tafiya yana kallon ƙasa, har abokan aikinsa na yi masa tsiya wai allurar kakarsa yake nema.

Sun tarar da gawar a gindin wata kirya, bakin gonar shinkafa. Sunan mamacin Hamma. Ƙirjinsa ya lotsa ta gefe guda. Can gefe samarin ruga sun yi cirko-cirko da sanduna, sun zagaye mai gonar, wani dattijo Usuman, wanda leɓensa ya riga ya fashe.

Sufeto ya sa Saje ya cusa Usuman cikin motar 'yan sanda ya kulle. Sannan ya gaida Arɗo Lawal, baffan mamacin.

"Yallaɓai, ba sai ka wahala ba," in ji Arɗo. "Satin da ya wuce wanga mutum ya rantse gaban jama'a, in shanun Hamma sun sake taɓa mai shinkafa sai an kwashi gawa. To ga gawa. Zo ka ga har bugun ƙasa ya yi mai."

Ya kai Sufeto bakin hanya. Ruwan asuba ya jiƙa yashi, komai ya kwanta a kansa ɓaro-ɓaro. Wani ya yi zane da tsinke: layuka biyu a miƙe, wasu biyu a karkace kamar jinkar ɗaki, an ja su sun haɗu a ɗigo ɗaya.

Sufeto ya durƙusa ya daɗe yana kallo. Ya ga zanen bokaye iri-iri, amma bai taɓa ganin bokan da ya goge layi ya sake ja ba. Ya ɗauki hoto da wayarsa.

Gaba kaɗan, inda ruwa ya ci hanya ya yi kwari, ya ga sawun mota. Sawun na tafe biyu, sai a bakin kwarin ya zama huɗu: tayoyin baya sun bar sawun na gaba, sun yi tsalle gefe kamar kamu biyu, suka dawo. Takalmin Hamma ɗaya na nan. A tsakanin sawun kuma ga shatin bayan mutum, kamar wani ya kwanta rigingine.

"Arɗo, mota ta buge ɗanka."

"Mota ta ja shi har gindin itace? Kafin magariba za mu rufe shi, Yallaɓai. In mun rufe ban ga mai laifi ba, ba ni iya riƙe yaran ga. Tungar Abu ko, bukkoki ne na ciyawa."

A hanya Saje ya ce a-kori-kurar 'yan fasa-ƙwaurin fetur kawai ke bin wannan daji, kuma ta wani Alhaji Nasrullahi ce aka yi wa aikin tayoyin baya, aka ɗaga ta kwanan nan.

Sun sami Alhajin a ƙofar gida, motar na cikin rumfa an lulluɓe ta da tamfol.

"Ranka ya daɗe, wagga mota ta yi sati ba ta motsa ba."

Sufeto ya yaye tamfol, ya sa yatsa ƙarƙashin bodi, ya fito da ɗanyar laka. Ya shafa a jikin rumfar.

"Lakar gidanka ba ta bushewa ne, Alhaji?"

Gaban motar lafiya lau, ko fitila ba ta tsage ba. A kusurwar bodi ta baya ne ya ga zare shuɗi ya maƙale, irin na rigar mamacin. Ya leƙa ƙasa. An cire sifirin ɗin nan mai falle-falle, an sa mai murɗe, an kuma riƙe ƙarfen tayoyin baya da sanduna huɗu, sabuwar walda na ƙyalli.

"Ba fetur na zo nema ba," in ji Sufeto. "Kira mini direba."

Aka kira direban, Bunyaminu, ya zo.

"Wallahi Oga, da hantsin yau na karɓo ta daga garejin Ɗanmusa. Alhaji ya ce ya ɗaga ta don ta riƙa haye kwari da kaya. Ni tsoronta ma nake ji. Ko ɗan rami ta taka sai ta kaɗa wutsiya kamar kada."

"Ƙarya kake. Ka buge mutum ka gudu."

"In na taka hanyar daji yau, kada Allah ya kai ni gobe!"

Saje ya tsare shi a mota kusa da Usuman, suka nufi gareji.

Garejin Ɗanmusa na bayan tasha. Ɗanmusa mutum ne siriri mai furfura, idanunsa sun yi ja saboda wutar walda. Ya sa riga wankakkiya, abin da Saje ya ce bai taɓa gani jikinsa ba a ranar aiki.

"Yaushe motar Alhaji ta bar hannunka?"

"Tun jiya da la'asar. Bunyaminu ya ɗauke ta."

Sufeto ya zauna kan wata tsohuwar taya, ya yi hamma.

"To shi ke nan, laifinsa ne. Sai dai ya ce aikinka ne na banza. Wai ka tsinto bututun famfo ka liƙa, ba ka san abin da kake yi ba."

Fuskar Ɗanmusa ta canza.

"Bunyaminu? Mi ya sani ban da taka totur? Yallaɓai, tun daga nan har Kamba ba wanda ya taɓa yin irin aikin ga. Tsaya ka gani."

Ya tsuguna, ya ɗauki guntun wayar ƙarfe, ya share ƙasa da tafin hannu.

"Waɗanga biyu na ƙasa su ke tura mota. Waɗanga na bisa, a karkace, su ke hana tayoyi zamewa gefe. In ka ja su, ga inda za su haɗu. Nan ne ran motar yake. In ɗigon ga ya zauna daidai, taya ɗaya ta faɗa rami, ɗaya ta hau tudu, mota na tafiya kamar kwale-kwale. In ko na bisa sun gajarce, da taya ta nutse sai gindin ya juya da kansa, ya..."

Ya tsura wa zanen ido. Sufeto ya ajiye wayarsa a ƙasa kusa da zanen. Layuka huɗu a hoto, layuka huɗu a ƙasa, har da inda aka goge aka sake ja.

"Ƙarasa mana, Malam Ɗanmusa. Ya yi me?"

Guntun ƙarfen ya faɗi daga hannun Ɗanmusa.

"Gwaji na fita da safe. Makiyayin ma ya kauce mani, Yallaɓai. Ya tsaya gefe ya ɗaga mani hannu. Gaba ya wuce shi lafiya, baya ne ya make shi."

"Da ka sauko, da rai ka same shi?"

"Shina numfashi."

"Sai ka yi me?"

Ɗanmusa ya dubi hannuwansa.

"Sai na shiga ƙarƙashin motar. So nake in ga abin da ya juya ta. Na fito na zana, na gane kuskuren. Ko da na waiwaya, ya daina motsi. Na ja shi inuwa."

Saje Riskuwa ya tofar da yawu, ya danna masa ankwa. Aka saki Bunyaminu.

Rana ta yi ja lokacin da suka isa Tungar Abu. Samarin ruga ba su jira magariba ba. Rumbu ɗaya na cin wuta, mata sun kwashi yara sun shiga cikin shinkafa.

Sufeto ya fito da Ɗanmusa, ya tsaya a gabansa, ya sa shi ya maimaita komai da ƙarfi. Arɗo Lawal ya saurara har ƙarshe. Ya juya ya yi wa samarin magana da Fillanci, kalma kaɗan. Sanduna suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Wani ya jefar da bakin wutar da ke hannunsa cikin kwata.

Saje ya buɗe wa Usuman ƙofa. Tsohon ya sauko, ya tsaya yana kallon rumbunsa na rushewa.

Ana tura Ɗanmusa cikin mota ya waiwayo.

"Yallaɓai, a faɗa ma Alhaji kada a hau motar ga sai an ƙara tsawon sandunan bisa."

"Shige," in ji Sufeto, ya rufe ƙofar.