Fuskar da ke Ƙarƙashin Fenti

Shekara goma sha ɗaya Zaharaddini yana zanen fuskoki a Kura, kuma babban aikinsa shi ne hoton wani ɗan dambe a bayan a-daidaita-sahu. Hannu kam yana da shi. Masu injin shinkafa ne suka fi son hoton waya, don shi hoton waya ba ya faɗin gaskiyar tumbi.

Wata Talata da azahar ya bi gefen kanal ɗin ban-ruwa har bayan Bunkure, neman arziki wurin wani boka da ke zaune a tsohon rumbun albasa. Babu ƙoƙon kai, babu jan ƙyalle. Madubai bakwai ne a jingine, duk fuskarsu na kallon bango, da ƙwarya cike da wani farin abu mai kauri kamar koko.

"Ni fa ba na zubar da jini," in ji Zaharaddini.

"Wa ya tambaye ka jini, mai fenti? Ba kuna shafa fari kafin ku fara zane ba?"

"Muna shafawa."

"To kafin nan, zana wani na gidanka a allon, ya yi kama sosai. Ka rufe shi da wannan, ka zana mai kuɗin a kai."

"Shi na ƙasan fa?"

"Yana ƙasa."

Zaharaddini ya ga amsar ta wadatar.

Ya fara da mahaifiyarsa, Iya Asta, don ta iya zama shiru. A kanta ya zana wani Alhaji, wanda da ya ga kansa ya yi ƙwalla. Kafin a tsinki tumatir, manya daga Kano suna layi a ƙofarsa. Iya ta rasu tana tsintar shinkafa. Aka ce shekaru ne.

Ƙaninsa Mudassiru ya zana na biyu, a kanal aka tsamo gawarsa. Aka ce santsi ne. Matar Zaharaddini, Barira, ba ta mutu ba, ta dai daina gane kowa. In ya shigo sai ta ja mayafi: "Bawan Allah, maigidan ba ya nan."

Da wani ɗan takara ya aiko, Zaharaddini saura masa 'yarsa Saude kaɗai. Ta zauna masa da sabon ɗankwali.

"Baba, kar ka manta wushiryata."

Bai manta ba.

Ranar sadakar bakwai ɗin Saude ya nemi fuskarta a ransa ya rasa. Ya duba hotunan waya, inda take fari ne fat. Ya ɗauki wuƙar kankare fenti ya nufi gidan ɗan takarar, ya sauke hoton daga falo, ya kankare hular, ya kankare kumatun, ya kankare farin. Katako ne kawai. Masu gadi suka fitar da shi, bai ko yi gardama ba.

Yanzu yana zaune a bakin titin Kadawa, yana tambayar masu wucewa ko sun san wata yarinya mai wushirya, su kwatanta masa.

Bokan yana nan, ƙwaryar ba ta ƙare ba. Wanda kwaɗayi ke ja zuwa can, ya ji tsoron Allah ya juyo. In ya ƙi, to ya tsaya ya ƙare wa mutanen gidansa kallo tukuna, don ba a barin ko kamanninsu.