Notin Da Ban Ɗaure Ba

"Wa ke da shuɗin fenti a garejin nan?"

Pappa ne ya yi tambayar, bai ko ɗaga murya ba. Noti ɗaya ne a tafin hannunsa, jini kuma yana bin gefen fuskarsa daga inda goshinsa ya fashe.

Kowa ya san amsar.

A garejin Birger Nyhlén, wato Pappa mahaifina, doka ɗaya ce ba a wasa da ita. Duk notin da ka ɗaure da sifanar awo har ta yi ƙara "ƙas", sai ka ja masa layi da fentinka. Na Pappa ja ne, na Örjan fari, nawa rawaya, na Henning shuɗi. Layin nan rantsuwa ce, kana cewa hannuna ne ya ɗaure, hau ka ɗora ranka a kai. Ba a ja wa wani, ba a kuma ja kafin a ɗaure. Tun ina 'yar shekara tara na haddace wannan.

"Nawa ne, Birger," in ji Henning.

Na juyo na dubi Henning.

Ƙarya yake yi... notin nan nawa ne!

Bari in koma baya kaɗan, ku ji yadda muka zo nan.

Motar ta shekara goma sha tara a ɗakin ciyawa na bayan gidanmu. 'Yar ƙaramar motar tsere ce mai kujera biyu, wadda Pappa ya riƙa cin kofuna da ita a kan tafkin garinmu idan sanyi ya daskarar da shi ya zama ƙanƙara, tun ina rarrafe. Ranar da Mamma ta rasu ya lulluɓe motar da tamfol, bai sake waiwayarta ba. Sai bana likita ya ce idanunsa sun soma dushewa, kafin bazara za a karɓe lasinsa. Ya dawo gida, ya cusa tabarsa a ƙarƙashin leɓe, ya ce:

"Tseren ƙarshe na tafki saura kwana goma sha biyu. Da ita zan shiga."

Muka yaye tamfol. Tsatsa ta cinye ƙasan bodin, har kana hango daɓe ta inda direba ke ajiye ƙafa. Ɓeraye sun haifi 'ya'ya da jikoki a cikin kujeru. Injin kuwa ya cije, ko motsi ba ya yi.

Örjan, babban makaniken Pappa, wanda ya shekara shida yana nemana ina ce masa a'a, ya tuntsire da dariya.

"Wannan ai gawa ce, Birger. A yi mata jana'iza kawai."

Henning ya zaga ta sau biyu, ya ce, "Za ta tashi."

Henning nawa... Ɗan Stockholm ne, babban birnin ƙasarmu. Hutun mako ɗaya ya kawo shi garinmu, motarsa ta lalace, ya ga wadda ta gyara masa, ya ƙi komawa. Shekara biyu ke nan. Injiniya ne, da kwamfuta yake sauraren inji, abin da Pappa ya tsana ke nan a duniya. Ko sunansa ba ya kira, sai dai "ɗan birni". Ranar da muka ce masa mun yi baiko, sai da ya shanye kofinsa tas kafin ya yi magana.

"Ba zan hana ki ba, Tuva, ke ba yarinya ba ce. Amma mutumin da ban ga aikin hannunsa ba, ba zan zauna teburi ɗaya da shi ba. Ya zo ya taɓa motar nan in gani."

Ta haka aka ba Henning shuɗin fenti.

Kwana takwas muka yi muna fama. Muka yanke ruɓaɓɓen ƙarfe muka yi waldar sabo. Henning ya samo injin wata mota da ta yi hatsari, ya ninka na asali ƙarfi, ya kuma ƙi shiga mazauninsa sai da aka sake ƙera masa ƙafafu. Muka haɗa kejin ƙarfe a ciki, muka canza birki, muka sa tayoyi masu ƙusoshi don su kama ƙanƙara. Fatar yatsuna duk ta tsage saboda sanyi da fetur. Ranar da injin ya tashi, na ga Pappa ya kalli Henning, ya ɗan gyaɗa kai. A wurin Pappa wannan babbar kyauta ce.

A rana ta takwas ina kwance a ƙarƙashin motar, ina haɗa sandar da ke juya tayar gaba ta hagu. Na murɗa notin da yatsu, ina jiran sifanar awo da ke hannun Örjan. Sai ga Henning ya kwanta kusa da ni a kan daɓe, da kofi biyu da burodin kirfa.

"Tuva tawa, sha wannan kafin ke ma ki zama ƙarfe."

"Bari in gama mana."

"Na samo mana gida."

"Wane gida?"

"Jan gidan nan na bakin tafki, mai baranda. Ɗakin sama gabas yake kallo... Can zan riƙa ganin fuskar nan kowace safiya, da baƙin manta da komai."

"Kai dai ba ka da kunya!"

"A kanki? Ko ɗigo, abar ƙaunata."

Ina dariya, zuciyata na can barandar jan gida, hannuna ya ɗauki fenti ya ja layi. Hannun da ya saba, bai tambaye ni ba.

Washegari da hantsi Pappa ya fita gwaji a kan tafki. A lanƙwasa ta uku motar ta ƙwace, ta juya sau biyu, ta daki tudun dusar ƙanƙara. Ni da Henning muka fara isa a kan babur ɗin ƙanƙara. Ina janyo Pappa ina ihu, sai na hango Henning durƙushe a gaban motar, tsumma a hannu ɗaya, fentinsa a ɗayan. Ya goge rawayata, ya ja shuɗinsa.

Örjan na tsaye a bayansa, hannu cikin aljihu, yana kallo.

To, ga mu yanzu a gareji, ga noti a hannun Pappa.

"Ka ja layi a kan notin da ba ka ɗaure ba?"

"Na yi kuskure, Birger."

"Kuskure shi ne ka manta ba ka ɗaure ba. Wannan sunansa ƙarya! Da tafkin a cike yake da motoci fa?"

Henning ya sunkuyar da kai. Ni kuma na yi tsuru-tsuru. Na ce a raina, yi shiru, Tuva, Pappa zai huce, bayan tsere ki gyara komai.

Sai Örjan ya gyara murya.

"Amma dai a yi adalci, Birger. Ni kamar Tuva na gani a gefen nan jiya... ko idona ne? Tuva, ke za ki raba gardama. Wa ya haɗa sandar hagu?"

Mugu! Ya san amsar sarai. So yake ya ji ta daga bakina.

Pappa ya juyo da fuskarsa mai jini ya dube ni. Tun rasuwar Mamma ni kaɗai nake da shi, shi kaɗai yake da ni. Duk wanda ya shigo garejin nan sai ya ji Pappa na cewa, "Je ka duba layin 'yata, ka koyi aiki." Na ji tsoron idon nan ya canza a kaina, tsoron da ya fi ƙarfin soyayyata. Abin kunya ne, amma haka ne.

"Henning ne," na ce.

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Amma bakina bai tsaya ba.

"Har... har ce masa na yi ya sake dubawa."

Henning ya ɗago. Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi! Kallona kawai ya yi kamar yau ya fara ganina. Ya zaro fentin daga aljihu ya ajiye a kan benci, ya ɗauki rigar sanyinsa.

"Ka je a ɗinke maka goshin nan, Birger."

Ya fita, ya ja ƙofa a hankali.

Saura kwana uku. Muka miƙe sandar, muka buga gaban motar ya koma daidai, na bi kowane noti sau uku da sifanar awo kamar mahaukaciya. Na kira Henning ya fi sau ashirin, wayar na shiga ba ya ɗauka. Na rubuta masa, "Masoyina, bari a gama tsere, zan yi bayani." Na ga alamar ya karanta. Ko harafi ɗaya bai dawo ba.

Ranar jajibirin tsere Örjan ya same ni ina wanke hannu.

"Ba godiya? Na rufa miki asiri fa."

"Ka rufa min asiri ko ka haƙa min rami? Allah wadaran hali irin naka!"

Ya yi murmushi, ya miƙo min tawul.

"Ni tambaya kawai na yi, 'yan mata. Amsar taki ce."

Na wurga masa tawul ɗin a fuska. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, gaskiya ya faɗa.

Ranar tsere gari duka ya fito kan tafki, ana gasa tsiran nama, yara na zamiya, tsofaffi na zaune a kan fatun barewa. Motar ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba ko a ƙuruciyarta, injin Henning na kuka har tsaunuka na amsawa. Pappa ya zo na uku, mutum mai shekara sittin da takwas da ido ɗaya da rabi! Ya fito ya cire hular kwano, hawaye na zuba, ya rungume ni a gaban mutane.

"Kun gani? Hannun 'yata ba ya ƙarya!"

A nan na kasa.

"Pappa... notin nan nawa ne. Ni na ja layi ban ɗaure ba. Henning goge nawa ya yi ya sa nasa, don ya kare ni. Ni ce na kusa kashe ka, ni ce na yi ƙarya!"

Na rufe ido ina jiran tsawa.



"Na sani," ya ce.

"Ka... ka sani?"

"Akwai sauran rawaya a cikin zaren notin. Idona bai mutu haka ba, Tuva. Tun a kan tafki na gani."

"To me ya sa ka bari ya tafi?"

Ya kau da kai, yana goge gilashin hular da hannun riga.

"Shi ya zaɓi ya ɗauka, ni kuma na zaɓi 'yata. Ɗan birni ne, zai samu wata. Ni wa zan samu?"

Na ja baya daga jikinsa. Ashe ƙaryar da na sayar da Henning a kanta, ko mutum ɗaya ba ta ruɗa ba! Mu huɗu a garejin nan, kowa ya san gaskiya, kowa ya tsaya yana kallon abin da zan ce.

A can ƙarshen filin ajiye motoci na hango Henning. Ya zo ya ga injinsa. Kujerar bayan motarsa cike take da akwatuna, har da fitilar da muka saya tare.

Na ruga, ina zamewa ina tashi.

"Henning! Henning, tsaya! Na faɗa masa, na faɗa a gaban kowa!"

"Na ga kin faɗa." Muryarsa a sanyaye take. "Ta yi gudu mai kyau, ko?"

"Bar maganar mota! Ka yafe min, ruhina, tsoro na ji..."

"Na san tsoro kika ji. Shi ya sa na goge layin, ba wanda ya sa ni, kuma ban yi da-na-sani ba. Da shiru kika yi, Tuva, da gobe ma zan aure ki. Shirun nan shi kaɗai na roƙa a raina."

"Örjan ne ya matsa min!"

"Örjan ya tambaye ki wa ya haɗa. Wa ya tambaye ki ko kin ce in sake dubawa?"

Ya ci gaba:

"Kwana uku ina juya maganar nan. Kin dube ni ido cikin ido, kin ƙirƙiro ta nan take, muryarki ko rawa ba ta yi ba. In na zauna, duk ranar da kika ce kina sona, wannan muryar zan ji."

"Ina sonka! Na rantse ina sonka!"

"Na yarda," ya ce. "Ni ma haka. Abin baƙin cikin ke nan."

Ya zare zoben baikonsa, ya buɗe tafin hannuna ya ajiye, ya naɗe min yatsuna a kai kamar yana tsoron kada in ji sanyi. Ya shiga mota. Na bi shi ina dukan gilashi har sai da ya hau kwalta, bai waiwayo ba.

Ina tsaye a bakin hanya, sai na ji lasifika daga kan tafki tana kiran sunana. Alƙalan tsere sun duba motoci duka, sun ce tamu ta fi kowace tsaftar aiki, kyautar kuma ta makanikenta ce.

"Tuva Nyhlén! Ina Tuva Nyhlén? A tafa mata!"

Gari duka ya ɗauki tafi.