Motar Ermes Da Cukun Mijina

"Kar ki motsa, Iya! Hannu sama!"

Ranar Lahadi ce, rana tsaka, ina ɗakin ajiya ina goge cuku. Na waiwaya. Mutum biyu, fuska a rufe da hular sanyi. Ɗaya siriri da bindiga, ɗayan ƙato ya toshe ƙofa har haske ya ɗauke.

Na ce, "Athos, cire tsumman nan. Wa zai kasa gane tumbinka a garin nan?"

"Ba ni ba ne, Iya Nives," in ji shi.

"Rufe mana baki, jaki!" Siririn ya daka masa tsawa. Loris ke nan, wanda tun yana yaro yake satar kajin mutane. "Hau tsani! Na can saman, guda ukun nan!"

A nan gabana ya faɗi. Cuku cike da ɗaki, kowanne kamar dutsen niƙa, da sun kwashe da ban yi kuka ba. Amma ukun nan su ne na ƙarshe da mijina Oriano ya dafa da hannunsa kafin ya kwanta ciwon ajali. Shekaru ina juya su, ina goge su, ina jiran bikin jikata Ebe a fasa su. Athos ya sani, don shi yake mana dako. Wai wani mai gidan abinci a birnin Milano ne yake son tsohon cuku ko ta halin ƙaƙa.

Ni ban yi karatu ba, shanu aka ba ni maimakon littafi. Amma kunnena lafiyarsa ƙalau, kuma duk abin da zan faɗa da bakinsu suka faɗe shi a gaban alƙali.

A garejin Ermes suka ƙulla abin. Ermes makanike ne, ya tsufa yana shiga tseren motoci na hawan dutsen garinmu bai taɓa ci ba. Yana da wata 'yar jar mota mai kujera biyu, inji a baya, wadda ya fi so fiye da matarsa, shi ya sa ma matar ta tafi.

Athos ya ce, "Oga, mu ari motar kaya mana, mu yashe ɗakin duka."

Ermes ya dube shi kamar ya zagi uwarsa. "Motar kaya? Ni? In aka kama ni a motar kaya da wane ido zan kalli mutane?"

"To ƙara wa taka inji," in ji Loris. "Babba, mai cin hanya."

"Kai ma ba ka da kai. Ina ka ga miƙaƙƙiyar hanya a dutsen nan? Kwana ce a kan kwana. Babban inji ya tura ka, nauyinsa ya wurga ka rami. Mota sai ta zama kamar kyanwa, ba kamar bijimi ba!"

A addinin Ermes cirewa ake yi, ba a ƙarawa. Ya cire rediyo, ya cire dadduma, ya cire safayar taya, mariƙin ƙofa ma igiya ya ɗaura. Amma duk da haka motar tana da ciwo ɗaya. Goshinta ya yi sakayau, ba ya kama ƙasa. Ya murɗa sitiyari, ita ta ce sai gaba.

Dabararsu ita ce su zo ranar tsere, lokacin da kowa ya tafi kallo. Su manna lamba a ƙofar mota, su shiga hanyar tseren ta bayan gonata kamar suna cikin 'yan tsere, in sun kai mararrabar ƙaramin coci su karkata su gangara kwari, inda mai saye yake jira.

Haka suka zo, Loris a kan cinyar Athos kamar amarya.

Athos ya sauko da cukun yana nishi. Na bi su waje ina zagi. Biyu suka shiga but ɗin gaba da ƙyar. Na ukun Loris ya zauna aka ɗora masa a cinya.

Athos ya ce, "To ni fa?"

Ermes ya leƙa ƙarƙashin mota, ya dubi tayoyi, ya dubi tumbin Athos.

"Ba za ta ɗauka ba."

"Ai ta kawo ni!"

"Da ta kawo ka babu cuku. Yi haƙuri, mutumina, lissafi ne."

"Loris! Tare fa muka tashi!"

"Bi ta gona, motsa jiki zai yi maka amfani. Ermes, mu fece!"

Wuuum! Ƙura ta tashi. Athos ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka. Na ɗauko 'yar gudumar da muke ƙwanƙwasa cuku da ita na ba shi ɗaya a tsakar ka, sannan na buga wa 'yan sanda waya. Shi da kansa ya karɓi wayar, yana jan majina, ya karanta musu komai har da mararrabar coci.

Na fizge wayar. "Sajan Cataldo, a tare hanyar tseren yanzun nan!"

"Haba Iya, a tsayar da tsere? Mutane sun zo tun daga birnin Modena! Kwantar da hankalinki, hanyar kwari za mu tare. Da ƙafarsu za su kawo kansu."

Ya kwashi yaransa kaf suka je suka laɓe a bayan coci.

A can kuwa jar mota ta faɗa hanyar tsere. Kwana ta farko — Ermes ya murɗa, ta bi! Ta biyu — ta manne da kwalta kamar an liƙa ta!

"Loris... ka ji abin da na ji?" in ji Ermes.

"Na ji ƙafafuna sun mutu! Taka kawai!"

"Goshin ya zauna! Wayyo Allah, cukun ne! Nauyin da take nema ke nan, ni ina ta cirewa!"

Mutane a gefen hanya suka ɗauki ihu. "Ermes ne! Yau kuma me ya sha?" Huluna suna tashi sama. Ermes ya canza giyar mota, ya ƙara wuta, ya cim ma wata shuɗiyar mota ta wani ɗan masu kuɗi mai inji ninki biyun nasa, ya wuce ta a cikin kwana kamar tana tsaye.

"Ga coci nan! Karkata!"

"Saura kaɗan mu kai sama!"

"Karkata, ɗan iska, ko in fasa kanka!"

"Fasa! In ka fasa wa zai riƙe sitiyari?"

Tau! Harsashi ya huda rufi. Ermes ko waiwaye. Suka wuce coci fiu! Sajan Cataldo ya leƙo daga bayan bango, kuma an shaida mini abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Kai! Kun ga yadda ya sha kwanar nan?"

A saman dutse, wurin ƙare tsere, ɗan sanda ɗaya ne tak, wani tsoho Fulvio, yana cin burodi. Jar mota ta tsallake layi ta ja birki. Jama'a suka yanyame ta. Loris ya so ya ruga, ina! Cuku ya danne shi, ƙafa ta ƙi. Fulvio ya sa hannu ta taga ya zare bindigar, bai ko ajiye burodinsa ba. Ermes kuwa ya fito yana hawaye, ya miƙa hannu a sa masa ankwa, yana tambayar mai riƙe agogo, "Yaya na yi? Don Allah yaya na yi?"

Wai ba a taɓa ganin gudu irinsa ba a rabin dutsen nan na sama. Sai dai ba a lissafa masa ba, tunda daga gonata ya shiga.

To ni na ce alhamdu lillahi, cuku ya tsira. Washegari na sa baƙar rigata na tafi ofishinsu.

"Sajan, na zo ɗaukar kayana."

"Shaida ce, Iya. Yadda aka kama motar haka za ta zauna sai an gama shari'a."

"To a fito da su a sa a inuwa! Cuku rai gare shi, sai ana juyawa ana gogewa!"

"In aka taɓa an ɓata shaida."

Ƙarya yake! Na leƙa garejinsu da idona. Rufin kwano, tsakiyar bazara, ko'ina warin fetur. Ga maza sun kewaye motar, 'yan sanda da makanikai da 'yan ƙungiyar tsere, har da wani lauya ya durƙusa da wandonsa mai tsada yana auna tazarar cuku da tayar gaba. Cukun Oriano kuwa yana zufa, mai yana tsiyaya. Babu wanda ya dube shi a matsayin abinci.

Na yi ta zarya har takalmina ya cinye. A kotu, da aka ce ko Ermes yana da abin faɗa, sai ya juyo gare ni. Na ɗauka gafara zai nema.

"Iya Nives, don girman Allah, kowanne nauyinsa nawa ne daidai?"

Abin da na ce masa alƙali ya hana a rubuta.

An ɗaure Loris, an ɗaure Ermes, Athos aka rage masa don ya tona asirinsu. Bikin Ebe ya zo ya wuce da cukun kanti, ni Nives, matar Oriano, ina zaune ina kallon mutane suna taunar roba. Yanzu kowace motar tsere a garin nan da dunƙulen ƙarfe a goshinta, kuma 'yan banzan suna kiransa da sunana.

Bayan an gama komai Sajan ya aiko mini da kayana, har da gaisuwa. Duk ukun sun tsage. Na sa wuƙa na ɓantari ɗaya na kai baki. Fetur ne zalla.

An ce in nemi diyya. Wa zai biya ni hannun Oriano? Abu ɗaya nake nema, kuma na faɗa a ofishinsu, na faɗa a coci, yanzu ga shi na sa an rubuta. Sajan Cataldo da alƙali da lauyan nan mai awo su zo gidana ranar Lahadi. Na shimfiɗa tebur, na wasa wuƙa. Tunda shaidarsu ce, su zauna su cinye ta a gabana, har ɓawon.