Tabarmar Magobei a Tsakanin Ƙofofi Biyu

A kakar shekarar da Sarki Moritane na Dutsen Karasuo ya rasu, shinkafa ta nuna a wani kwari na ƙasar Shinano amma ba mai yanka, domin 'ya'yansa biyu sun ja daga a kan gadon sarauta. Babban, Harutane, yana riƙe da fadar da ke ƙolin dutse. Ƙaramin, Sadamori, ya tara mayaƙan dangin uwarsa ya yi sansani a gindin dutsen.

Mai son shiga Karasuo sai ya haye gwalalo, ya bi siririyar hanya mai kwane-kwane, ya wuce ƙofar waje. Nan zai tsinci kansa a wani ɗan fili da ganuwar duwatsu ta kewaye, ƙofar ciki a kulle, maharba a bisa. Sarkin ƙofa shi ne Magobei, tsoho mai ɗingishi, wanda ya ɗauki yaran nan biyu a wuyansa, ya koya musu hawan doki.

Harutane ya kira shi ya ce, "Baba, in ƙanena ya hawo ka buɗe masa ƙofar waje. Da ya shigo fili, maharba su gama da shi."

Magobei ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, zan buɗe."

Ya sauko bai san wanda zai fi so ya binne ba a cikinsu. Da hantsi ƙurar dawaki ta taso. Ya buɗe ƙofa kamar yadda aka umarce shi, sannan ya cire sulkensa, ya shimfiɗa tabarma a tsakiyar filin, ya zauna da kwanon curin shinkafa a gabansa.

Sadamori ya shigo a sukwane, takobi tsirara, sai ya ja linzami.

"Sauka daga dokin nan," in ji tsohon. "Har yau zamanka a sirdi kamar buhun shinkafa. Ni na koya maka haka?"

Daga kan ganuwa Harutane ya daka tsawa. "Baba, tashi daga nan!"

"Gwiwa ta ƙi, ranka ya daɗe. Ku harba abinku. Amma ku fara da ni, don ba zan wanke gawar ɗayanku ba."

Ba wanda ya saki kibiya. Sadamori ya ɗaga kai ya ga bakuna a ɗane ta kowace kusurwa, ya gane tarkon da ya faɗa, ya kuma gane wanda ya tsaya masa. Ya sauka, ya ajiye takobi a bakin tabarma. Can sai wata ƙaramar ƙofa ta buɗe a jikin ganuwa, Harutane ya fito shi kaɗai.

"Ku zauna," in ji Magobei. "Ku ci tukuna. Mai yunwa ba ya jin magana."

Magabata sun ce kafin rana ta karkata an daidaita: Harutane ya riƙe sarauta, Sadamori ya karɓi garuruwan kwari da mashigin kogi. Magobei kuwa an tuɓe shi, domin doka ba ta barin mai saɓa wa sarki a bakin ƙofa. Sarki da kansa ya karanta hukuncin, sannan ya gina masa ɗaki a fada, inda ya ƙare kwanansa yana yi wa 'yan'uwan biyu faɗa.

Sarakuna kan tara dutse bisa dutse don tsare mulkinsu, ƙaddara kuwa takan zaɓi nata mai gadin. Gidan Moritane ya daɗe bayan haka, kuma ba ƙarfin bango ya cece shi ba: kunyar tsoho ɗaya ce.