Kududdufin da Aka Cike

Matar birkila ce ta fara lura da shirun. Tana wanke kwanuka a bakin famfo dab da magariba, sai ta dakata da soso a hannu, ta kasa kunne. An yi ruwa sau biyu a makon nan, amma ko kwaɗo ɗaya bai yi kuka ba. Shekara goma sha tara tana gidan, ba ta taɓa jin damina ta shigo haka ba.

Da rani mijinta ya sayi kududdufin da ke bayan katangarsu. Tifa arba'in ta ɓaraguzai ya juye a ciki, ya sare ɓauren da ke bakinsa, ya shafe wurin da siminti don ya samu filin buga bulo. Maƙwabta har barka suka zo yi masa.

Matar tana nan tsaye sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Ya gangaro a hankali, ya sauka gaban ƙafarta. A jiƙe yake, da gansakuka a jikinsa.

Daga ranar, kullum rana ta yi ja sai duwatsun su fara. Birkila ya zagaya bayan gida da tocila har ya gaji, bai ga kowa ba, sai bulo a jere. Jemagun da ke kwana a ɓauren sun watse, sauro kuwa ya yi yawan da ko hira a tsakar gida ta gagara. Mujiya ta daina zuwa, ɓeraye suka cinye gindin buhun masara. Wata safiya aka kashe maciji a madafa, ya biyo ɓerayen.

Sai zazzaɓi ya kwantar da Auta, 'yarsu mai shekara goma sha shida. Magani ya sauke zafin jikin, amma ta daina magana. Da yamma takan je ta zauna jikin katangar baya, ta jingina kunnenta da ita. Ranar da uwar ta kama hannunta za ta ɗaga ta, yarinyar ta ɗago kai, ta ce da wata murya mai kauri, “Sake ni, baiwar Allah. Ƙishirwa nake ji.”

Washegari bayan la'asar birkila ya zo da wani tsohon malami. Malam ya zauna a bakin tabarmar da Auta ke kwance, ya daɗe yana karatu. Haske na raguwa a ɗakin, jikin Auta ya fara rawa.

“Wane ne kai, me ya kawo ka gidan mutane?” in ji malam.

“Ban zo gidan kowa ba. Gidan ne ya zo kaina.”

Birkila ya sunkuyar da kai.

“Tun ba a aza tubali ko ɗaya a nan ba nake cikin ruwan nan,” in ji muryar. “Kifi na cin tsutsar sauro, zalɓe na cin kifi, kashin zalɓe na ciyar da ɓaure. Ban taɓa raba musu faɗa ba. A kwana shida mai gidan nan ya binne su duka.”

“Yarinyar ba ta yi maka komai ba. Ka ji tsoron Allah ka fita.”

“Zan fita. A haƙa mini rami ko da faɗin tabarmar nan, a bar ruwa ya kwanta.”

“Na ɗauki alkawari,” in ji birkila. “Sauron da ɓerayen fa? Ka janye mana su.”

Muryar ta amsa ta bakin Auta.

“Duwatsun ne nawa. Sauran ba ni na aiko su ba, ba kuma ni zan kore su ba. Ruwan unguwar nan kuma duk can yake sauka. Ba wanda ya gaya wa ruwan an sayar da wurin.”

Auta ta yi atishawa sau uku, ta kife a cinyar uwarta. Da ta farfaɗo, da muryarta ta nemi abinci.

Jifan ya tsaya. Birkila ya yi kwana uku da diga yana fasa simintin da ya zuba da hannunsa, har tafinsa ya yi kanta. Ramin ya tara ruwa baƙi mai warin ƙarfe. Ba abin da ya zo ya zauna a ciki sai tsutsar sauro.

Babban ruwa ya sauko wata rana da hantsi. Kafin azahar ya cika ramin, ya shafe filin bulo, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya shiga ɗakuna. Suka ɗora katifu a kan tebur. Auta da uwarta suna kwarfa da bokiti, abin da suka zubar waje yana dawowa ta zaure. Ta kan katanga ana jin maƙwabta suna kiran 'ya'yansu.

Matar ta miƙe, ta dafa ƙugu, ruwa ya kai mata ƙwauri.

“Baban Auta, ko a sake kiran malam?”

Birkila ya dubi tsagar da ta fara buɗewa a bangon ɗakinsu. Ya san irinta, ya sha gaya wa masu gida su kwashe iyali idan ya gan ta.

“Me zai karanta wa ruwa?” ya ce. “Ku ɗauki abin da za ku iya ɗauka.”